Ranar da Na Mayar da Baffa Baya a Layi

Bari in fara da wanke Suhaibu, don kar wata ta zo ƙasan rubutun nan tana zaginsa. Laifin ba nasa ba ne. Nawa ne, kuma da hannuna na shirya shi, ina zaune a kan tabarmar Inna da laftof a cinya ina ɓarar gyaɗa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Naja'atu, shekarata ashirin da takwas, a Tudun Wadar Zariya aka haife ni kuma nan nake har gobe. Aikina haɗa intanet a ofisoshi da makarantu da ƙananan asibitoci. Ni ce wadda kuke gani a bayan keke da naɗin waya a cinya, gefen hijabi ya sha farin siminti. Ogana Onuora, mai shago a unguwar Kongo, shi ya koya min aikin tun daga yadda ake fere waya. Inna kuwa har yau in aka tambaye ta me 'yarta take yi, sai ta ce, "Wayoyi take ja."

Suhaibu ma'aikacin jinya ne. A wani ƙaramin asibiti a Gyallesu muka haɗu, na je aiki, ya riƙe min tsani ba tare da na roƙe shi ba, kuma bai ɗaga kai ba har na sauko. Wannan rashin ɗaga kan shi ya gama da ni. Bara ya samu aiki a Saudiyya ya tafi, sai shekara mai zuwa zai samu hutu. Ina son sa, jama'a. Ba na jin kunyar rubutawa, faɗa a gaban Inna ce dai ba zan iya ba.

Matsalar ita ce Baffa Gwadabe, yayan Babanmu marigayi, wanda shi ne waliyyina. Sau biyu mahaifin Suhaibu yana aikowa a ba shi rana ya zo neman aure, sau biyu Baffa yana cewa, "Ni ba na ba da 'yar ƙanena ga hoto. In ga yaron, in ji bakinsa." Inna ta yi ta bin sa da lallashi, ga ni kuma tana bi na da nata: ƙannen bayana duk sun yi aure, ita ta gaji da amsa tambaya a gidan suna. Da ƙyar Baffa ya yarda a yi ta kiran bidiyo, amma da sharaɗi.

"Sau ɗaya," ya ce. "In ya yi min, uban ya zo. In bai yi min ba, a rufe maganar, kar in sake jin ta."

Wanda ya san Baffa ya san ba ya maimaita magana.

To kafin in kai ku ranar, sai kun san wani akwati da ke manne a bangon zaurenmu. A lungunmu sabis ɗin waya ba ya shiga ɗaki, sai ka fito tsakar gida ka ɗaga hannu sama. Shi ya sa na kafa faranti a kan rufi yana kawo mana intanet, na sa suwic yana rarraba wa gidan. Suwic ɗan akwati ne siriri mai ƙofofi takwas, kowace ƙofa da wayar da ke tafiya wani sashe. Layin namu ba shi da faɗi, musamman hanyar fita. Duk abin da ka tura, murya ko hoto, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana su bi layi su fice. In hanya ta cika dole wani ya jira. Mu a wurin aiki muna da abin da muke kira QoS, wato ka gaya wa suwic wa zai fara wucewa. Ƙa'idar kuwa ko sabon shiga ya san ta: murya da kiran bidiyo a gaba, domin ba sa jure jira. Abin da ake lodawa don ajiya ya biyo baya, ba abin da zai same shi.

Ranar da nake kafa shi Baffa ya tsaya a kaina, hannu a baya, yana kallon fitilun suna ƙiftawa. Rawar kai ta ɗebe ni na yi masa wannan bayanin.

"Wato akwatin nan ya san babba da yaro?"

"In an gaya masa, Baffa."

"To ki gaya masa."

Na gaya masa kuwa. Shagon Baffa na shinkafa da mai yana jikin gidan ta bakin titi, da kyamarori huɗu masu tura hotonsu can ma'ajiyar intanet, yana kallo ta wayarsa ko yana ina. Na ba shagon ƙofa ta ɗaya, na sa ta a ajin da babu mai wucewa sai ta gama. Sashen Baffa ƙofa ta biyu. Na bi gidan da shekaru ina saukowa, har na zo falon Babanmu na ba shi ta takwas, can ƙarshen layi. Kara na yi. Ya za a ce ni na haɗa abu kuma na sa ɗakinmu a gaba?

Da na ba Oga Onuora labari sai da ya ajiye sukundireba don dariya. A Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunku.

"Naja, ke ce fa na koya wa aiki! Kaya ake dubawa, ba mai kaya ba. Wata rana abin nan zai cije ki."

Na ce gidanmu ne ba ofis ba. Ban sake tunawa da zancen ba, don ni a gida saƙo kawai nake yi wa Suhaibu. Kira sai a wurin aiki, inda ba kunnen Inna.

An sa ranar Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Baffa ya ce maganar ba ta kai ta shiga falonsa ba tukuna, a falon ƙanensa zai zauna, a kujerar ƙanensa. Ranar Juma'a na jona tsohon laftof ɗina da talabijin na gwada kiran, ya tafi sumul, har ƙyallin gilashin Suhaibu ina gani. Abin da ban lura ba, lokacin maza sun tafi masallaci ne, shago a rufe. Kyamarorin Baffa ba sa turawa sai sun ga motsi.

Asabar tun asuba Inna ta share falon sau biyu. Ta sauya rigunan kujeru, ta turara shi har sai da ido ya yi yaji, ta jera dabino da cincin da kunun aya a kan tebur kamar Suhaibu zai miƙo hannu ta talabijin ya ɗauka. Ni na saka atamfata ruwan ƙasa mai ganye, na yafa babban mayafi, duk da an ce bayan labule zan zauna. Wayata ta yi ƙara, saƙon Suhaibu ne.

"In sa hula?"

"Sa. Kuma kar ka karkata ta gefe."

"Na ɗora kaftani a kan kayan aiki. Zafi zai kashe ni."

"Ka mutu da mutuncinka."

"Minti ashirin da biyar kacal aka ba ni. Ki yi min addu'a."

Sha ɗaya saura biyar Baffa ya shigo cikin farar shadda da hula kube, ƙamshin turarensa ya danne na Inna. Ya tsaya ya ɗan kalli kujerar Babanmu kafin ya zauna. Na haɗa kiran, na koma ɗakin Inna, muka zauna dab da labule ni da ita.

Fuskar Suhaibu ta cika talabijin, tas, hula a daidai.

"Assalamu alaikum, Baffa. Ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ya aiki?"

Shiru. Suhaibu yana kallon Baffa yana murmushi. Na ƙirga a zuciyata, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Baffa ya gyara zama.

"Na ce ya..."

"Alhamdulillahi, Baffa, aiki da godiya!"

Ya katse shi. Inna ta dube ni, na dubi ƙasa. Na ce a raina tsoro ne, zai saki jiki. Baffa ya yi gyaran murya, har da ɗan wasa, ya tambaye shi ko a can ana samun tuwo ko shinkafa ce ta gama da shi. Shiru kuma. Suhaibu ya matso da kunnensa, ya gyaɗa kai, bai ce komai ba. Baffa ya jira, ya gaji, ya sunkuyar da kai, muryarsa ta sauya.

"Yaro, kujerar nan da nake kai ta ƙanena ce. Kwana biyu kafin ya rasu ya kama hannuna a ɗakin nan, ya ce min..."

Sai Suhaibu ya fashe da dariya.

"Wallahi Baffa shinkafa ce safe da rana! Har mafarkin miyar kuka nake yi."

Inna ta dafe ƙirji ta ce innalillahi a hankali. Ban taɓa jin Baffa ya ɗauko zancen rasuwar Babanmu ba sai ranar, kuma a kan wannan maganar aka yi masa dariya.

A lokacin ne kunnena ya kama abin da tun ɗazu yake ji bai kula ba. Ƙugin babbar mota a bakin titi, da masu dako suna ta "sauke a hankali!" Motar shinkafa ce ta iso shagon Baffa. Mutane suna shiga suna fita, kyamarori huɗu duk sun farka.

Na zaro waya, na shiga shafin suwic. Ƙofa ta ɗaya ta cika hanyar fita maƙil. Ƙofa ta takwas tana tsaye a baya tana jiran a rage mata, kamar mai ƙaramin bokiti a layin famfo. Muryar Suhaibu tana shigo mana lafiya, domin hanyar shigowa ba kowa. Ta Baffa ce ba ta isa gare shi sai a makare, a gutsuttsure. Shi yana amsa abin da aka faɗa ɗazu ne, mu kuma muna ganin hotonsa garau, babu alamar wani abu ya lalace. Duk wanda ke zaune a kujerar nan abu ɗaya zai gani: yaro marar kunya.

Na san gyaran, ko minti biyu ba zai ci ba. Amma gyaran shi ne in cire Baffa daga gaba. Yatsana ya tsaya a kan allon. Tun ina yarinya ban taɓa sauya abin da Baffa ya ajiye ba, ko buta ce.

"Me kike latse-latse a wannan lokaci?" Inna ta raɗa min.

"Wayoyi nake ja, Inna."

Na fitar da ƙofa ta ɗaya daga ajin gaba, na yanka mata rubu'in hanya na ce kar ta wuce nan. Na gaya wa suwic ya daina duba ta wace ƙofa kaya suka fito, ya duba tambarin da kiran murya da bidiyo ke ɗauke da shi, duk inda ya gan shi ya ba shi hanya. Na danna ajiye. Layin ƙofa ta takwas ya zube nan take.

Na ɗaga kai ina jiran in ji daɗi, sai na ji muryar Baffa ta tashi.

"Kai! Wa ya yi maka tarbiyya? Ina maganar mamaci kana dariya?"

"Subhanallahi! Baffa, wallahi ban ji ba, ka yi haƙuri, ban..."

Amsar ta zo a kan lokaci, ko daƙiƙa ba ta ƙara ba. Ashe nan ne na ƙara ɓata lamarin.

"Au, yanzu kana ji? Sai da na ɗaga murya kunnenka ya buɗe? Ashe da ganin dama ne."

Na hango Baffa ta gefen labule yana tattara hannun rigarsa, yana laluben takalmi da ƙafa. In ya miƙe, shi ke nan. Fuskar Suhaibu a talabijin ta yi wani iri, gumi yana bin gefen hular, bakinsa yana motsi ya rasa ta inda zai kama. Tausayinsa ya kama ni har na ji hawaye. Mutum yana can ƙasar wasu shi kaɗai, ya ɗora kaftani a kan kayan aiki saboda ni, ana yanke masa hukunci a kan laifina.

Inna ta riƙe min mayafi. Na zame na bar mata shi a hannu, na ja ɗankwalina gaba, na ɗaga labule na durƙusa a gaban tebur.

"Baffa, ka gafarce ni, ina da magana."

"Wa ya kira ki?"

"Ba kowa. Baffa, ba ya jin ka ne. Maganarka ba ta isa wurinsa sai bayan ka wuce ta. Dariyar nan ta zancen tuwo ce, wallahi bai ji ka ambaci Baba ba."

"Ga shi nan ina ganinsa kamar in taɓa shi, ki ce ba ya ji?"

"Tasa tana zuwa, taka ce ba ta fita. Kyamarorin shago ne suka tare hanya, ana sauke kaya. Na sa su a gaba kamar yadda ka ce, ɗakin nan kuma na sa shi a ƙarshe. Na san ba haka ake yi ba tun ranar, na yi shiru."

"To ya aka yi yanzu yake ji?"

Na ji Inna tana salati a bayan labule.

"Na mayar da kai baya, Baffa."

Baffa ya sa hannu a aljihu ya ciro wayarsa, ya nesanta ta da ido yadda yake yi in bai sa gilashi ba. Daga inda nake ina hango allon. Shagonsa ya koma dishi-dishi, masu dako suna tafiya suna tsayawa, ba ka bambance fuskar kowa. Motar shinkafa guda ake sauke masa, ga shi ba ya iya ƙirga buhu. Ya daɗe yana kallo. Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon zanen kafet, ina jiran abin da zai sauka a kaina.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa a can wurin Suhaibu, wata murya ta kira sunansa da Larabci, da alamar sauri. Ya waiwaya ya ɗaga hannu, ya juyo.

"Baffa, lokacina ya cika, ana nemana. Amma ba zan tashi ba sai ka sallame ni."

Baffa ya kife wayar a kan cinyarsa.

"Suhaibu."

"Na'am, Baffa."

"Suhaibu."

"Na'am, Baffa."

Gwada shi yake yi, jama'a, kamar yadda nake gwada waya in na gama haɗawa. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ka ji abin da yarinyar nan ta yi. A gidana ta sauya abin da na ajiye, kuma ta zo ta faɗa min da bakinta. Wata rana kai za ta yi wa. Ya za ka yi?"

Suhaibu ya yi shiru, wannan karon shirun nasa ne na kansa. Ya share gumi da bayan hannu.

"Zan fara tambayarta dalili, Baffa. Tunda na san ta ban taɓa ganin ta taɓa abin da bai lalace ba. Kuma ina neman afuwa a kan dariyar nan. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta."

"Amin," Baffa ya ce, muryarsa can ƙasa. Ya ɗauki dabino ɗaya ya juya shi a hannu bai ci ba. "Tashi ka je wa marasa lafiyarka. Ka ce wa mahaifinka ina gida ranar Juma'a bayan la'asar."

Allon ya yi duhu. A bayan labule na ji Inna ta saki wani numfashi da kuka a cikinsa. Ni ina nan durƙushe ban motsa ba.

Baffa ya miƙe, ya zura takalmi, ya bi ta gefena bai dube ni ba. Na ce a raina to, Suhaibu ya tsira, saura ni. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bayansa gare ni.

"Ranar Juma'ar ma ta akwatin nan yaron zai leƙo?"

"In ka yarda, Baffa."

"To kar ki mayar. Ki bar kyamarorin a baya."

"To, Baffa. Na gode."

"Kar ki yi saurin godiya, ban ce na bayar ba." Ya ɗaga labulen ƙofa, ya ɗan juyo da gefen fuskarsa. "Ki gaya masa tambaya uku na zo da ita yau. Ɗaya na yi."